Keken Lantarki da Ragunan Goggo

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noma a ƙauyenmu na gefen Moriki a ƙasar Zurmi, na kwaso matata da yara biyu muka sauka Kaura Namoda, gidan Goggo. Goggo yayar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, gidan nata ne ita kaɗai, can bayan tashar jirgin ƙasa. Ta ba mu ɗaki, ta ba mu tuwo, ba ta taɓa yi mana gori ba ko da wasa. Amma ni na san abin da nake ji. Ƙato da ni, da gemuna, in wuni a kan tabarma a zaure ina korar ƙuda, da magariba a miƙo mini kwanon tsohuwa in sa hannu. Ni kuwa mutum ne mai zuciya, a gida ko kallon banza ba a yi mini, sai ga shi na koyi sunkuyar da kai.

Shanun huɗana biyu ne kaɗai suka tsira, don suna wurin wani aminina lokacin da aka kora na garin. Na sayar da su, na tafi Gusau na sayo keke napep mai amfani da lantarki. Mutane suka ce na haukace. To, ni na ga yadda masu na fetur ke wuni suna yi wa gidan mai bauta, shi ya sa. Ranar da na shigo da shi unguwa yara suka bi ni a guje, don ba ƙara ba hayaƙi, sai dai ka ga abu yana sulalewa kamar mage. Wani dattijo a bakin masallaci ya ce, “Wanga keke ko tari bai yi, lahiya shike kuwa?”

Keken ya zo da cajarsa, wani baƙin akwati kamar rabin bulo mai doguwar waya. Wanda ya sayar mini ya ce ko'ina na samu soket in jona, ba komai. Wutar unguwarmu ba ta da alƙawari, amma idan ta zo takan jima. Saboda haka da an kawo sai in turo keken ta ƙofar gefe da ake shigo da itace, in ja waya zuwa zaure, in jona a tsohon soket ɗin da Goggo ke cajin rediyonta. Wayoyin gidan tun na zamanin marigayi mijinta ne, sirara, hayaƙi ya rine su. Na lura soket ɗin yana ɗaukar zafi, yana wari kamar ana ƙona roba, na ce sabon abu ne, zai saba.

Ina! Wata safiya matata ta gama wanki, ta zo shanya zanen goyo a jikin ƙarfen keken, ƙafa ba takalmi, hannu jiƙe. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wuta ce ta ja ta. Ta zube a ƙasa tana yarfa hannu tana salati, yara suka sa kuka. Goggo ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta dubi matata, ta dubi keken, sannan ta dube ni.

“Kai ɗan nan,” ta ce, “abin da ka cizon mutane bai kwana gidana. Hidda shi.”

A duk garin ba inda ake cajin irin wannan keken, shagunan caji na wayar hannu ne da fitila. Ba ni da gidan kaina, ba ni da halin kama haya. Idan ba a caja shi a gidan Goggo ba, to ya zama ƙarfen banza, sai in sayar a wulaƙance in koma kan tabarmata. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan kawo wanda ya san wuta ya gyara. Ta daɗe tana jan carbi.

“Sau guda,” ta ce. “In ya ƙara taɓa wani, ko kaza ce, ban son magana.”

Kowa a dangi ya san Goggo ba ta maimaita magana, ba ta kuma janye ta.

Aka yi mini kwatancen wani mai wayarin da ke da shago kusa da kwalejin kimiyya, a nan ma ya yi karatu, kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin Shinkafi ne, kakkaura, ba ya gaggawa a komai, kullum da goro a kumatu. Da ya ga soket ɗin zaure ya yi baƙi ƙirin sai ya kama dariya har da riƙe ciki.

“Kai mutumin Zurmi, gidan tsohuwa kake son ƙonawa? Wannan wayar rediyo aka yi wa, ka ɗora mata mota!”

Na ce ba dariya na kira shi ya yi ba. Ya share hawaye ya yi mini bayani. Matsala biyu ce. Waya ta yi ƙanƙanta da nauyin cajar, wannan ɗaya. Na biyu, ba wayar ƙasa ko guda a gidan. Ya ce wuta kamar ruwa take, komai kyan caja takan ɗiga kaɗan a jikin ƙarfe, kuma ɗigon ƙasa yake nema. Idan ba a yi masa hanya ba, sai ya bi ta jikin duk wanda ya taɓa.

Muka kama aiki. Ya jawo waya mai kauri tun daga mita, ya zura ta cikin bututun roba, muka bi jikin katanga muna kafewa har bakin ƙofar gefe. Ya kafa wani ɗan akwati mai makatsi, wanda idan wuta ta yi ɓarna zai faɗi da kansa ya yanke ta. Ya sa babban soket mai ido uku na keken shi kaɗai. Daga ido na uku ya jawo wata waya mai launin kore da ɗorawa, ya ce ita ce hanyar ƙasa, saura ramin da za ta sauka. Muka duba muka ga lungun da ke bayan turken ragunan Goggo ya fi kusa, ba mai bi ta nan, ga tarin kara ya kare shi. Raguna uku ne take kiwo na Layya, a ɗaure da gajerun igiyoyi, suna kallonmu suna tuƙa.

Ni na haƙa ramin da kaina, cikin zafin bazara, har ya kai mini ƙugu. Ƙasar a bushe take ƙamas, diga na tashi da ƙura. Injiniya ya kafa wata doguwar sandar jan ƙarfe a tsakiya, ya ɗaure wayar a kanta da noti. Sannan ya ce in kawo gawayi da gishiri, haka ake yi a ƙasa mai fari irin tamu, gishiri yana riƙe laima, gawayi yana taimaka masa. Muka riƙa zubawa, gawayi, gishiri, ƙasa, ruwa, mu sake. Rabin buhun gishiri ya tafi a ramin nan. Goggo ta zo wucewa ta tsaya.

“Gishirin miya kuka zubawa ƙasa? Kai, duniya ta zo ƙarshe.”

Da aka kawo wuta Injiniya ya jona cajar, ya ɗora testa a jikin keken, 'yar sukundireban nan da ke kama ja idan akwai wuta. Ba ta kama ba. Ya dafa ƙarfen da hannu, na dafa, lafiya lau.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗi irinsu ba tun da muka baro gida. Daga tasha zuwa kasuwar hatsi, daga kasuwa zuwa kwaleji, wani lokaci har Banga in kai mutane in dawo. Ɗalibai suka fi so na, suna cewa a kekena ne kaɗai mutum zai amsa waya a ji shi. Mata masu jarirai ma suna jira na, don yaro ba ya farkawa. Masu na fetur da suka yi mini dariya sai ga su suna zagayo ni a inuwa suna ƙwanƙwasa batir suna tambaya. Na fara shigowa gida da leda a hannu, yau nama, gobe manja, jibi sabulu. Tafiyata ma ta canja, matata ce ta faɗa mini.

Sai wata rana da la'asar. An kawo wuta, na jona keken na tafi masallaci. Ina dawowa na tarar da gidan tsit. Ƙwaryar gumba a kife a ƙasa kusa da keken, kaji na tsattsaga. Goggo na zaune a kan kujerar tsugunno, matata na murza mata hannu da man shanu. Ashe Goggo ta zo wucewa ne ta dafa ƙarfen keken don ta gyara takalmi, wuta ta fizge ta har ƙwaryar ta suɓuce. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Gobe in ga bayanshi,” ta ce. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na fita kamar zan tashi sama. Ban san lokacin da na isa shagon Injiniya ba. Na ce masa maƙaryaci, na ce ya ci amanata, na ce aikin 'yan Shinkafi ke nan, baki ya fi hannu. Mutane suka taru. Shi kuwa ya bar ni na gama, ya tofar da goro, ya rataya jakarsa ya ce, “Mu je in gani. Idan aikina ne, ka zage ni a kasuwa ranar da ta fi cika.”

Ya duba soket, lafiya. Ya duba makatsi, lafiya, ya ce ɗigon bai kai wanda zai faɗar da shi ba, amma ya isa ya firgita mutum. Muka bi wayar kore da ɗorawa muka zagaya bayan tarin kara. Nan muka tsaya cak.

Ramin da na cike na daddaɓe ya koma kwari. Ragunan Goggo uku suna ciki, biyu sun durƙusa da gwiwa suna lasar ƙasa, babban yana tono da kofato kamar an sa shi kwangila. Hancinsu duk baƙin gawayi. Sandar jan ƙarfen ta fito fili ta karkace, wayar ta tsinke daga notin tana lilo, sun ma tattauna bakinta. Ashe da Layya ta matso Goggo ta fara sakinsu da rana su miƙe ƙafa, ni kuwa ina can kan titi. Suka shinshino gishirin nan, suka mai da wurin gidan biki. Babban ya ɗago kai ya dube ni, ya ci gaba da abinsa.

Injiniya ya zauna a kan kara yana dariya har yana tari. Ya ce shi a gidajen siminti ya saba aiki, bai taɓa kawo rago a lissafinsa ba. Ni kuma da na tashi cikin dabbobi, na san akuya za ta haura katanga saboda ɗan gishiri, ko kaɗan abin bai faɗo mini ba. Muka taru mu biyu, da mai karatu da manomi, muka binne wa raguna rabin buhun gishiri a bayan turkensu.

Na je na roƙi Goggo ta zo ta gani da idonta. Ta zo, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“To, shi ya sa suka ishe ni da shan ruwa kamar raƙuma,” ta ce. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi, sai ta gimtse. “Amma magana na riga na yi ta.”

A nan zuciyar da na daɗe ina dannewa ta ƙwace. Tun da na zo gidan ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

“Haba Goggo! Keke bai yi laifi ba, ragunanki ne suka tone! Shanuna na ƙarshe ne a cikin ƙarfen nan. In ya fita gidan nan, kan tabarma zan koma, ki ci gaba da ciyar da ni da matata da 'ya'yana har ranar da Allah Ya ɗauki ɗayanmu. Ni na gaji da zama, Goggo. Wallahi na gaji.”

Muryata ta karye a ƙarshe, na ji kunya, na kau da kai. Matata ta rufe baki da mayafi. Goggo ta juya wajen Injiniya.

“Kai yaro, shi wanga ƙarfe mi shika so?”

“Inna, ƙasa mai laima yake so, wadda ba ta bushewa rani da damina, kuma inda dabba ba ta zuwa. Idan aka samu haka, ba ruwanmu da gishiri.”

Ƙasa mai laima a Kaura, ana tsakiyar bazara, a gidan da ba rijiya sai ruwan 'yan garuwa. Amma na ga matata ta saci kallon ƙofar ɗakin Goggo, ni ma can idona ya tafi. Akwai wata 'yar rumfa a nan da randuna uku, an binne gindinsu cikin yashi. Ruwansu ya fi na firji daɗi, kullum jikinsu na naso yana sauka ƙasa. Ta tsakiyar ta mahaifiyar Goggo ce, kakata, randar ta girme ni nesa ba kusa ba. Wurin nan ko shara Goggo ba ta yarda wani ya yi mata, kaza ma ta san ba a zuwa. Na ce a raina tunda na riga na ɓare baki, bari in ƙarasa.

“Gindin randunanki, Goggo.”

“Randar uwata?”

“Ɗagawa kawai za mu yi, mu mai da ta.”

Ta dube ni. Sannan ta ce, “In ta hwashe, kai da keken ku hita tare.”

Washegari da sassafe muka fara. Matata ta kwashe ruwan randar da moɗa ta juye a bokitai. Na durƙusa na riƙa yaye yashin gindinta da yatsuna, ban yarda ƙarfe ya matso kusa ba. Goggo ta jawo kujera ta zauna daf da mu, ba ta ko ƙifta ido. Da na rungumi randar na ji ta yi nauyi fiye da yadda na zata, ga santsi, ga wani tsohon tsagu a wuyanta da aka liƙe tun ban san wane zamani ba. Injiniya ya tallafi gindin, wannan karon ba dariya. Muka yi bisimilla muka ɗaga. Ta yi wani ɗan ƙara, ƙis, zuciyata ta buga, ashe tsakuwa ce ta goge ta. Muka taka a hankali kamar masu ɗauke da mara lafiya, muka sauke ta a kan gammon tsumma. Gumi ya jiƙe mini riga sharkaf.

Ƙasar da ke ƙarƙashin kuwa baƙa ce, mai sanyi, tana kama hannu. Har tana na gani tana motsi a ciki, a watan da ko ciyawa babu a gari. Injiniya ya damƙi ƙasar ya murza ya ce, “Allahu Akbar! Shekara da shekaru Inna tana yi mana ban ruwa ba mu sani ba.” Ya haɗa sanduna biyu, ɗaya bisa ɗaya, na ɗauki guduma. Kowane bugu sai sandar ta nutse, ba gardama, har kanta ya ɓace cikin ramin. Ya ɗaure sabuwar waya da noti biyu, ya zura ta a bututun ƙarfe, muka haƙa 'yar hanya ta gefen katanga muka binne ta tun daga rumfar har soket. Ya rufe kan sandar da ɗan murfin siminti a gefen ramin randar, yadda za a iya dubawa. Sannan muka mai da randar mazauninta, na tattara yashin na gyara mata gindi. Goggo ta taso ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa ta saurara, ta koma ta zauna.

Sai wuta ta ƙi zuwa. Muka zauna zugum har rana ta take, Injiniya ya cinye goronsa ya fara na Goggo. Can wajen azahar rediyon zaure ya kama magana, yara suka yi ihun an kawo. Injiniya ya auna da na'urarsa, ya danna wani maɓalli a makatsin ya faɗi ɗas, ya mayar, ya jona cajar, ya ɗora testa ko'ina a jikin keken. Ya ce aiki ya yi, ya fi na farko nesa.

Ni wannan bai ishe ni ba. Na tuɓe takalmi, na ɗebi ruwa na sheƙa a ƙafafuna da hannuwana. Injiniya ya ce, “Kai mutumin Zurmi, ba haka ake gwaji ba!” Ban saurare shi ba. Na tsaya a tsakar gida gaban kowa, na damƙi ƙarfen keken da hannu biyu. Sanyin ƙarfe kawai na ji. Na dafa gaba, na dafa baya, na manna kumatuna a jikinsa, na rungume shi. Ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba, matata ta rangaɗa guɗa, yara suna tsalle, ragunan ma suka amsa daga turke. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na juya na dubi Goggo.

“Awo,” ta ce. “To sa takalminka, kar ka yi mura.”

Ba ta ce keken ya zauna ba, ba ta kuma sake cewa ya fita ba. Na kwana ban san matsayina ba.

Da safe ina goge keken a bakin ƙofar gefe, sai ga wata maƙwabciya ta yi sallama ta shigo. Irin matan nan ne da idan suka ga namiji ba ya aikin komai sai su mai da shi ɗan aike. Ta gaida Goggo, ta ce dama ɗan gudun hijirar nan nasu take nema, ya je ya tsaya mata a layin niƙa tunda yana zaune.

Na ji Goggo ta ajiye moɗa.

“Wa ka zaune? Ɗan ƙanena ba shi da lokacin layin niƙa, aiki za shi.” Sannan ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji. “Kai ɗan nan, rana ta yi, mutane na can tasha suna jiranka. In ka dawo ka jona abinka.”

Na ce to, Goggo. Na hau na murza, na fita ta ƙofar gefe, sai da na kai kwanar masallaci na tsaya na share idona.